Da Me Ake Auna Ƙarfin Zuciya?



 

Tambaya ɗaya zan riƙe a wannan zama. Idan likita ya dubi mutum ya ce masa zuciyarka ta yi rauni, da me ya auna? Yawancinmu mun san awon hawan jini, an ɗaura mana abin nan a damtse an hura. Wasunmu an taɓa manna musu wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane mai hawa da sauka, wato gwajin i-si-ji. Daga nan sai mutum ya koma gida hankalinsa kwance, yana cewa an duba zuciyarsa, lafiya lau. Gwaje-gwajen nan biyu suna da amfani ƙwarai, amma babu ko ɗaya a cikinsu da yake faɗa mana yawan jinin da zuciya take harbawa, alhali harba jini shi ne aikinta.

Duk wanda ya taɓa noman rani zai gane bambancin. Ka tayar da injin ban ruwa, ka riƙe tiyo, ka danne bakinsa da babban yatsa. Ruwa zai yi tsiri ya yi nisa, har ka ji ƙarfinsa a hannunka. Amma yawan ruwan da ya fita ne zai cika fangali, komai nisan tsirin. To awon hawan jini matsin yake nunawa. Idan zuciya ta fara gazawa, jiki yakan tsuke jijiyoyinsa don kada matsin ya faɗi, sai na'ura ta nuna 120 bisa 80 alhali jinin da ke isa ƙoda da hanji da ƙafafu ya ragu sosai. Shi kuwa i-si-ji, lantarkin da ke sa zuciya bugawa yake rubutawa. Zai nuna maka ko bugun ya rikice, ko wani sashe na tsokar ya taɓa samun illa, ko bangon ya yi kauri. Lita nawa suka fita, wannan ba huruminsa ba ne.

Ga lissafin da kowa zai iya yi a kansa. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na ƙasa ta hagu shi ne mai babban aiki, shi ke tura jini zuwa ga dukan jiki. Baligi mai lafiya, yana zaune yana hutawa, ɗakin nan yakan fitar da wajen mililita 70 a kowane bugu, zuciyar kuma takan buga wajen sau 70 a minti. Saba'in sau saba'in, 4,900 ke nan, kusan lita 5. Duka jinin da ke jikin baligi ma kusan lita 5 ne. Ashe kenan a kowane minti, kwatankwacin dukan jinin jikinka ya bi ta zuciyarka ya wuce. A yini da dare guda ta buga wajen sau 100,000, ta tura fiye da lita 7,000. Idan saurayi yana gudu a filin ƙwallo, lita 5 ɗin nan takan haura 20. Mace mai ciki kuwa, ko tana kwance ba ta ɗaga tsinke ba, aikin zuciyarta yakan ƙaru da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Iyayena mata, ku riƙe wannan adadi na ƙarshe.

Ɗan Adam ya daɗe kafin ya kai ga waɗannan alƙaluma. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin koyarwar Jalinusu, likitan zamanin Rumawa, cewa hanta ce ke ƙera jini daga abinci, gaɓoɓi su shanye, ta sake ƙera wani, kuma wai akwai ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba zuciyar dama da ta hagu. Ibnu Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288, ya ce babu wata ƙofa a bangon nan. A cikin sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina ya bayyana cewa jini daga dama sai ya bi ta huhu kafin ya iso hagu. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya kawo hujjar da ta rufe gardamar, kuma hujjar lissafi ce. Ya ƙiyasta abin da zuciya ke fitarwa a bugu ɗaya, da gangan ya ɗauki mafi ƙarancin adadi, ya ninka da yawan bugun rabin awa. Abin da ya samu ya fi ƙarfin abin da hanta za ta iya ƙerawa daga abincin da mutum ya ci. Dole ne jini ɗaya ne yake zagayawa yana dawowa. Da awon aikin zuciya aka gano zagayawar jini tun farko.

Wanda ya nuna yadda za a auna shi a jikin mai rai shi ne Adolf Fick, Bajamushe, a 1870. Dabararsa tana da daɗin fahimta, ku biyo ni. Mutum yana hutawa yakan sha iskar oksijin wajen mililita 250 a minti, kuma ana iya auna wannan daga numfashinsa. Jinin da ya fito daga huhu yana ɗauke da wajen mililita 200 na oksijin a kowace lita. Wanda ya gama zagaya jiki ya dawo yana ɗauke da wajen 150. Kowace lita ta sauke 50 a hanya kenan. Lita nawa ake bukata su kwashe 250, in kowace tana ɗaukar 50? Biyar. Mun dawo kan lita 5 ɗinmu ta wata hanya dabam. Matsalar ita ce jinin da ya dawo ɗin, sai an ɗebo shi daga cikin zuciyar dama, inda jinin kai da na ciki da na ƙafafu suka gauraya. A zamanin Fick babu likitan da zai yarda ya zura wani abu cikin zuciyar mutum mai rai, don kowa ya ɗauka nan take zai mutu. Lissafin ya zauna a takarda, sai dai gwaji a kan dabbobi, har kusan shekara sittin.

A 1929 wani matashin likita mai shekara 25, Werner Forssmann, a wani ƙaramin asibiti a garin Eberswalde kusa da Balin, ya yi gwajin a jikinsa. Ya kashe zafin fatar hannunsa a wajen gwiwa, ya buɗe jijiya, ya zura siririn bututu irin wanda ake amfani da shi a hanyar fitsari, ya yi ta turawa. Da bututun a jikinsa ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin ɗaukar hoto, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ga bakin bututun nan a cikin zuciyar dama, bayan ya shige wajen santimita 60. Manyansa ba su yaba masa ba, daga baya ma ya bar fannin zuciya. Amma André Cournand da Dickinson Richards a birnin New York suka ɗauki hanyarsa a farkon shekarun 1940, suka haɗa ta da lissafin Fick, suka fara auna aikin zuciyar marasa lafiya. Su ukun suka raba lambar yabo ta Nobel a 1956. A 1970 kuma Jeremy Swan da William Ganz a Los Angeles suka fito da bututu mai ɗan balan-balan a baki, wanda jini ke ja da kansa har jijiyar huhu. Da shi ake zuba ruwan sanyi kaɗan a cikin zuciya, a auna yadda sanyin ya narke a cikin jini. In jinin da ke wucewa yana da yawa, sanyin ya ɓace da wuri. Har yau ana amfani da shi a ɗakunan kula da masu matsanancin ciwo, ko da yake an rage, tunda bincike ya nuna ba kowane mara lafiya yake amfana da shi ba.

Duk waɗannan sai an huda jiki. Abin da ya kawo awon zuciya kusa da talaka ya fito ne daga garin Lund na ƙasar Suwidin a 1953. Wani likitan zuciya, Inge Edler, da masanin kimiyyar fiziks, Hellmuth Hertz, suka aro wata na'ura daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo, wadda ake neman tsagewa a cikin ƙarfe da ita ta hanyar aika sauti da sauraren amsa-kuwwarsa. Suka ɗora ta a ƙirji, suka ga bangon zuciya yana motsi. Wannan shi ne asalin eko, hoton zuciya, ɗan'uwan sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki.

Bari in kai ku ɗakin, don wanda aka tura ya je ba tare da fargaba ba. Za a ce ka kwanta ta gefen hagu, ka sa hannun hagu a ƙarƙashin kai. Za a shafa maka wani mai mai sanyi a ƙirji, a ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙari, ƙasa da nonon hagu. Babu allura, babu yanka, babu hasken da zai cutar da jariri in mace tana da ciki. A allo za ka ga ɗakunan nan huɗu, baƙi ne cikinsu, bangonsu fari-fari, ƙofofinsu suna buɗewa suna rufewa. Mai aikin zai tsayar da hoton a daidai lokacin da ɗakin hagu ya cika maƙil, ya zagaye bakinsa da layi, na'ura ta ce, misali, mililita 120. Ya sake tsayarwa a lokacin da ɗakin ya gama matsewa, ta ce saura 50. An fitar da 70 daga cikin 120, wato kashi 58 cikin ɗari. Wannan kason shi ne adadin da za ka gani a takardar sakamako, kusa da haruffa biyu, E da F. Zuciya mai lafiya takan fitar da kashi 50 zuwa 70. Daga 41 zuwa 49 an fara samun rauni. Daga 40 zuwa ƙasa, tsokar ta gaza. Wanda ya taɓa ganin zuciya mai kashi 60 da mai kashi 20 a allo ɗaya ba zai manta ba. Ta farko tana damƙewa da ƙarfi, bangon yana shigowa ciki yana kauri. Ta biyu ta buɗe ta yi faɗi, bangon ya yi siriri, da ƙyar ake ganin motsinsa.

Akwai kuskuren da ke tayar wa mutane hankali a banza. Mutum ya ga an rubuta masa 58, sai ya ɗauka kusan rabin zuciyarsa ya mutu. A'a. Babu zuciyar da ke juye duk abin da ke cikinta, haka Allah ya halicce ta. Mai 58 lafiyarsa ƙalau ta wannan fuska.

Kuskure na biyu namu ne, ma'aikatan lafiya, kuma ya fi haɗari: mu ga kason ya yi kyau mu sallami mara lafiya. Kaso ba yawa ba ne. Ɗauki dattijuwar da ta shekara ashirin da hawan jini ba magani. Bangon zuciyarta ya yi kauri ya sandare, ɗakin ba ya iya buɗewa ya karɓi fiye da mililita 70. Ya fitar da 40, kashi 57 kenan, takarda ta yi kyau. Amma 40 ba ta isar jiki, kuma jinin da ya kasa shiga yana taruwa a huhu, tana haki in ta je bayi ta dawo. Kusan rabin masu gazawar zuciya irin wannan ne, kasonsu bai faɗi ba. Haka kuma in ƙofar zuciya tana yoyo, wani ɓangare na jinin baya yake komawa, lissafin kuwa ya haɗa da shi. Sannan mutum biyu za su auna zuciya ɗaya a rana ɗaya, wannan ya ce 45, wancan ya ce 50. Saboda haka adadin ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an haɗa shi da abin da mara lafiya ya faɗa da abin da ido ya gani.

Yanzu na zo inda maganar ta fi shafarmu, kuma saboda shi na zaɓi wannan batu. Akwai ciwon da ke kama zuciyar mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Mace ce lafiyayya, ba ta taɓa ciwon zuciya ba, sai tsokar ta saki, kason ya faɗi ƙasa da 45. Ana samunsa a ko'ina a duniya, amma ƙasarmu tana cikin wuraren da ya fi yawa. A Amurka ana maganar mace ɗaya a haihuwa 1,000 zuwa 4,000. Wani bincike da aka buga daga Sakkwato a 2007 ya samu ɗaya a haihuwa 102. Babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, wanda aka buga a 2020, ya samu ɗaya a 96 a arewa maso yamma. Alƙaluman asibiti ne, na matan da suka samu isowa.

Tun a shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa suka yi nazarin wannan ciwo a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Da suka samu eko suka auna, a wani aiki da aka buga a 1979, sai suka ga a cikin matan da yawa ƙarfin matsewar zuciyar bai faɗi yadda aka zata ba, abin da ya sa suka yi tunanin gishiri da ruwa ne suka yi wa jiki yawa. A Yamai kuma, wani bincike na 1992 ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Binciken 2020 bai samu alaƙa mai ƙarfi da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice talauci da rashin cin abinci mai gina jiki suna da hannu dumu-dumu. Ra'ayina shi ne kada mu ɗora wa al'ada laifin da ba a tabbatar ba, kada kuma mu wanke ta tas. Kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Macen da zuciyarta ta riga ta yi rauni, kunun kanwa da ruwa mai ƙuna ƙarin kaya ne a kanta, a dakatar da su.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ciwon ke ɓuya a cikin abin da kowa ya saba gani. Mai jego ta kumbura, a ce ai jego ne. Tana haki, a ce jini ta zubar, a ƙara mata kunu. Tana tari da dare, a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Ita kuwa kunya ta hana ta magana a gaban uwar miji. Da dare ba ta iya kwanciya miƙe, sai ta jingina da bango ta kwana a zaune da jariri a cinya. Ka danna ƙaurinta da yatsa ka ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Kafin a kawo ta asibiti an yi arba'in, wani lokaci an yi wata uku, zuciya ta faɗaɗa, kaso ya koma 20. Da a makon farko aka ɗora mata na'urar nan ta minti goma sha biyar, da an gani. Ciwon nan yana da magani. Akwai masu fitar da ruwa ta fitsari, akwai masu sauƙaƙa wa zuciya aiki su ba ta damar farfaɗowa, kuma mata da yawa kasonsu yakan dawo daidai in an fara da wuri an kuma dage da sha.

Awon ba sau ɗaya ake yinsa ba, kuma a nan ina magana da maza. Bayan wata shida ana shan magani, a koma a sake eko. In kason ya haura 50, alhamdu lillahi, duk da haka ciki na gaba sai da shawarar likita da sa ido. In bai haura ba, sabon ciki zai nemi ƙarin aikin nan na kashi 30 zuwa 50 daga zuciyar da ba ta iya ɗaukar na yau da kullum, kuma mata suna rasa ransu ta wannan hanya. Kumburi ya saɓe, ta koma girki da ɗiban ruwa, wannan bai nuna zuciyar ta warke ba. Maigida, kai za ka raka ta, kai za ka ji adadin da kunnenka, kai za ka yi wa iyaye bayani.

Wanda ke nesa da na'ura ma yana da abin aunawa. Matashin kai nawa kake tarawa kafin ka iya barci, ɗaya ne bara, bana uku? Masallacin da kake zuwa ba tsayawa, yanzu sau nawa kake hutawa a hanya? Mai gazawar zuciya ya hau sikeli kowace safiya. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ya nemi likitansa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ya taɓa hannu da ƙafa ya ji ko sun yi sanyi, ya danna farce ya ga ko jan ya dawo cikin daƙiƙa 2, ya dubi jijiyar wuya ko ta cika, ya tambayi yawan fitsari. Waɗannan ba su ba da adadi, amma suna nuna wanda ya kamata a tura gaba yau, ba sai wani mako ba.

Roƙona uku ne. Ga hukumomin lafiya: injin sikanin na masu ciki ya riga ya shiga garuruwa da yawa, kuma yanzu har akwai ƙananan na'urori da ake haɗawa da wayar hannu. A sayi kan da ake duba zuciya da shi, a horar da likitoci da jami'an lafiya na manyan asibitocin ƙananan hukumomi su iya gane zuciyar da ta saki, don kada sai mace ta yi tafiyar yini zuwa asibitin koyarwa. Ga ungozomomi da iyayenmu mata masu kula da jego: mai jegon da ba ta iya kwanciya miƙe saboda numfashi, a ranar za a kai ta asibiti, a kuma ce a duba zuciyarta. Ga duk wanda aka yi wa eko: ka tambayi adadinka, a rubuta maka shi da kwanan wata, ka adana takardar, ka zo da ita duk ranar da za ka ga likita.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.